Tana ganewa a aji, tana faɗuwa a jarrabawa: ina matsalar lissafin nan take?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Don Allah malamai da iyaye shawara nake nema. Yarinyata tana SS3, bana za ta zana WAEC da NECO in Allah ya kai mu, jiya aka kawo sakamakon jarrabawar gwaji ta samu 31 cikin 100 a lissafi, wallahi ko abincin dare ban iya ci ba. Kuma ba wai ba ta karatu ba ne, tun SS1 nake biyan kuɗin lesin, malamin ma yabonta yake yi. Na tambaye ta me ya faru ta ce Umma in malam yana yi a allo ina ganewa tsaf, amma da an miƙo takarda sai kaina ya kulle kamar ban taɓa ganin abin ba. Aikin jinya take so ta karanta, kun san kuwa ba kiredit a lissafi ba magana. Saura wata huɗu. Me zan yi?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kamar labarina kike bayarwa, sau biyu na sake zama saboda lissafin nan, D7 na fara samu sannan E8, a na uku Allah ya taimake ni da C5. Ki kwantar da hankalinki wata huɗu ba kaɗan ba ne.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Hajiya ki ƙara mata malamin lesin na biyu kawai, wani malamin bai iya koyarwa ba sai cin kuɗi.

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Hajiya kar ki ƙara lesin tukuna, kuɗinki za ki zubar. Shekarata 17 ina koyar da lissafi a sakandare kuma ina zuwa makin ɗin takardu, abin da 'yarki ta faɗa shi ne ciwon da ya fi yawa a ajina. Ganewa daban, iyawa daban. Wanda ya zauna bayan mai babur shekara uku yana kallon yadda ake sa giya zai rantse miki ya iya tuƙi, ki ba shi makulli ki gani. Yaranmu kallon lissafi suke yi. Malam ya yi misali a allo su kwafa, su je lesin wani malamin ya sake yi su sake kwafa, da dare su buɗe littafin su karanta amsar kamar labari suna gyaɗa kai. A duk wannan zagayen babu inda yarinya ta zauna ita kaɗai da farar takarda ta sha wuya minti goma a kan tambaya ɗaya, to ranar jarrabawa ce ranar farko da hakan ke faruwa da ita, dole kai ya kulle.

Ki gwada yau da dare. Ki ɗauki littafinta ki zaɓi misali uku da malam ya riga ya yi musu, ki kwafa mata tambayar kaɗai a wata takarda, ki rufe littafin ki sa a ƙarƙashin filo. In ta yi biyu daidai ki zo nan ki ce na yi ƙarya.

Uwar Biyu:
Malam ni fa ban iya lissafin ba, firamare na tsaya, yaya zan san daidai ta yi?

Malam Mai Alli:
Ai amsar tana cikin littafin da kika ɓoye Hajiya, lambar ƙarshe kawai za ki duba. Aikinki riƙe littafi da duba agogo.

Baban Yara:
Malam ka yi haƙuri amma ni ban yarda laifin yara ba ne. Aji ɗaya yara sun haura tamanin, malami ɗaya, wani ma ba lissafi ya karanta ba an dai ce ya riƙe, a gama zango ba a taɓa rabin manhaja ba. Ɗana har ya gama SS2 ba a taɓa koya musu zanen kusurwa da kamfas ba, akwatin kayan lissafin da na saya masa sabo fil yake har yau. Sai a zo a ce yaro ba ya zama da farar takarda, da me zai cika ta?

Malam Mai Alli:
Alhaji ban ce laifin yara ba ne, mu muka koya musu kwafa. Duk abin da ka lissafa gaskiya ne, ni kaina ina da aji mai yara 90 da 'yan kai, in na ba da aikin gida tambaya biyar sai na duba amsa 450, yaushe zan gama. Amma Hajiya wata huɗu gare ta, ba za ta gyara ma'aikatar ilimi a wata huɗu ba, 'yarta za ta iya gyarawa.

Injiniya:
Ina goyon bayan Malam amma zan ƙara abu ɗaya. Sau da yawa abin da ke kayar da ɗan SS3 ba darasin SS3 ba ne, na firamare 5 ne. Ƙanina na zauna da shi bara, fomular kwadiratik yana rera ta kamar karatun allo, amma na ce ya tara 1/2 da 1/3 ya ce min 2/5. Sama da sama, ƙasa da ƙasa. Na ce to rabin gurasa da aka ƙara mata wani yanki ta koma ƙasa da rabi kenan? Ya yi shiru. Amsar 5/6 ce. Haka alamar ɗebewa, -7 + 3 sai ya ce -10. Yaro mai irin wannan ramin ko ya san hanya daga farko har ƙarshe sai ya faɗa a layi na uku. Sati biyu muka yi ba mu taɓa komai ba sai lambobi masu sama da ƙasa, da mainos, da jadawalin sau har 12. Yana ta fushi wai na mayar da shi ɗan firamare.

Ustaz Na Ƙofar Mata:
Injiniya ka tuna min. Abin mamaki ɗalibanmu na islamiyya da suka yi karatun rabon gado ba sa wannan kuskuren. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya maza, mata tana da tumuni wato 1/8, uwa tana da sudusi 1/6, yaro zai ce maka asalin mas'ala 24, mata 3 uwa 4, saura 17 na 'ya'ya. To wannan 24 ɗin ai ita ce abin da malamin boko yake kira LCM, wato lamba mafi ƙanƙanta da 8 da 6 duk suke raba ta ba saura, amma in ka rubuta wa yaron nan 1/8 + 1/6 a takardar boko sai ya tsaya yana kallonka, bai san abu ɗaya ba ne.

Injiniya:
Allah ya saka da alheri Ustaz, 7/24 kenan. Da haka aka koya mana da ba mu sha bulala ba.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Ni dai gaskiya lissafin boko ba namu ba ne, Bahaushe a bar shi da lissafin kuɗi. Ni ko kalkuleta ba na taɓawa a shago amma x da y ɗin nan har na bar makaranta ban san me aka ɓatar ake nema ba hhhh

Ustaz Na Ƙofar Mata:
Alhaji kar ka faɗi haka gaban yara. Kalmar aljabara kanta daga Larabci take, al-jabr, daga aikin Al-Khawarizmi a Bagadaza a ƙarni na 9. Kuma a nan ƙasar Katsina an yi Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi wanda ya yi rubutu a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masu tarihin lissafi suna ambatonsa. A zamanin nan ga Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi ne kafin ya shugabanci jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Kai kanka da kake lissafin yadi da ribar dila a ka, x ɗin kake nema kullum, suna ne kawai ba ka sa mata ba.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Na janye Ustaz, a yi min afuwa.

Malam Mai Alli:
Tunda Alhaji ya kawo maganar kasuwa bari in jefa tambaya, kowa ya gwada har da iyaye. An rage wa riga kashi 20 cikin 100 na kuɗinta, aka sayar da ita naira 4,800. Nawa ne kuɗinta na asali?

Anti Nas:
5,760

Ɗan SS3:
5,760 Malam, kashi 20 na 4,800 shi ne 960 sai a tara

Ɗan Kasuwar Kwari:
Haba dai, 6,000 ne. In riga tana 6,000 ka cire kashi 20 ai 1,200 ka cire, saura 4,800.

Malam Mai Alli:
To kun gani, wanda ya ce lissafi ba nasa ba ne shi ya ci. Anti da ɗana, ga abin da nake so ku ɗauka, ba amsar ba: da kun samu 5,760 sai ku mayar da ita cikin tambayar. Kashi 20 na 5,760 shi ne 1,152, a cire saura 4,608, ba 4,800 ba, kun ga tambayar da kanta ta gaya muku kun yi kuskure tun kafin mai makin ya gaya muku. Ragin a kan kuɗin asali aka yi shi, 4,800 ɗin kashi 80 ne na abin da ake nema. Lissafi darasi ne da za ka iya duba amsarka a cikin ɗakin jarrabawa ba tare da ka leƙa takardar kowa ba, amma cikin yara goma da wuya ka ga ɗaya yana yi. Ka warware 2x² - 5x - 3 = 0 ka samu 3 da -1/2, mayar da 3 ɗin: 18 - 15 - 3, sifili, shi kenan hankalinka kwance ka wuce ta gaba. Daƙiƙa 20 bai kai ba.

Anti Nas:
Kai Malam ka tona min asiri gaban jama'a, C5 ɗin nawa ma ashe rance ne 😂

Malama 'Yar Zariya:
Ni Turanci nake koyarwa amma bari in sa baki, don rabin faɗuwar lissafi a wurina take farawa. Yaro bai fahimci tambayar ba balle ya warware. Na taɓa karanta wa 'yan ajina tambayar lissafi na fassara musu da Hausa ban ƙara komai ba, yara da yawa da suka bar ta fayau suka yi ta daidai nan take. Kalmomin da ake yi wa tambaya da su ba su da yawa fa, su ne dai ake maimaitawa duk shekara: wadda ke nufin a sauƙaƙa, wadda ke nufin a nemo ƙima, wadda ke nufin yi amfani da amsar da ka samu a sama, bambancin aƙalla da bai wuce ba. Hajiya ki sa 'yarki ta ware shafi biyu a bayan littafi, duk kalmar da ta ci karo da ita a tambaya ta rubuta ta da ma'anarta da Hausa. Kuma kafin ta taɓa biro ta faɗa wa kanta da Hausa me aka ba ni, me ake nema. In ba ta iya faɗa ba to ba ta shirya fara lissafi ba.

Baban Yara:
Wannan ita ce magana. Shi ya sa nake cewa a koyar da lissafi da Hausa kawai a huta.

Malama 'Yar Zariya:
Alhaji a yi bayani da Hausa na yarda ɗari bisa ɗari, amma takardar da Turanci za ta zo, ƙasashe biyar ke zana WAEC, mu da Ghana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. In ka raba yaro da kalmomin gaba ɗaya ranar jarrabawa ka cuce shi. A tafi da biyun.

Baban Yara:
Ban gamsu ba amma ba zan ja ba, wannan muhawarar wata rana ce.

Ɗan SS3:
Malam don Allah ni matsalata lokaci ne, a gwajin da muka yi tambaya shida kawai na taɓa aka ce a ajiye biro, kuma na san sauran wallahi

Malam Mai Alli:
Ɗana tambaya ta nawa ce ta cinye ka?

Ɗan SS3:
Ta biyu Malam, ta logaridim, na fi minti 40 a kanta na ƙi bari don na san na iya

Malam Mai Alli:
To ka sayar da maki 48 na tambaya huɗun da ba ka taɓa ba don ka sayi 8, ko Alhaji na Kwari ba zai yi wannan cinikin ba. Bari in shimfiɗa yadda takardar take don iyaye ma su sani. Lissafin WAEC takarda biyu ce. Ta zaɓi tambaya 50 ce a awa ɗaya da rabi, wato kowace tambaya ba ta kai minti biyu ba. Ta rubutu awa biyu da rabi, tambaya 13 a amsa 10. Kashi na farko tambaya 5 ne dole, maki 40 gaba ɗaya, kowace 8. Kashi na biyu tambaya 8 ka zaɓi 5, maki 60, kowace 12. Kun ga nauyin yana kashi na biyu, amma yara suna ƙone ƙarfinsu da lokacinsu a na farko su iso inda makin yake saura minti 30 hannu na rawa.

Abin da nake gaya wa nawa: minti 5 na farko kar ka rubuta komai, karanta takardar duka, ka sa alama a biyar ɗin da za ka ɗauka a kashi na biyu. Tambayar maki 8 kar ta wuce minti 12, ta maki 12 kar ta wuce 16 ko 17. Lokacinta ya cika ba ka gama ba, bar fili ka wuce, in an samu rara ka dawo. Kuma ba dole ne ka bi su a jere ba, fara da wadda ka fi iyawa, ka dai rubuta lambar tambayar ɓaro-ɓaro.

Sai babban abin da yawancin yara ba su sani ba, wanda sai da na fara zuwa makin na gane girmansa. Ba amsar ƙarshe kaɗai ake ba maki ba. A tsarin makin akwai makin hanya, akwai makin daidaiton amsa, akwai wanda ake bayarwa don wani abu guda da ka rubuta daidai shi kaɗai. In ka rubuta fomular da ta dace ka zuba lambobin a inda ya kamata, ka ci makin hanya ko da ka yi tuntuɓe a ƙarshe. Amma in ka yi aikinka a bayan takardar tambaya ko a tafin hannu ka kawo min amsa tsirara, ko daidai ce ba ni da abin da zan ba ka sosai, don makin daidaito yana rataye ne a wuyan na hanya. Ina ganin takardu da yaro ya yi aiki mai kyau layi shida sai ya ji tsoro ya murje shi da biro har takarda ta huje, bai kuma rubuta wani a madadinsa ba. Wallahi har raina yake ɓaci, da ya bari da ya tsira da wani abu. Kar ka soke aiki sai ka riga ka rubuta wanda ya fi shi.

Uwar Biyu:
Ikon Allah. Malam yanzu na ɗauko takardar gwajin nata, tambaya huɗu ba ta rubuta komai ba sai lamba, biyu kuma ta soke su da kanta.

Malam Mai Alli:
To kin ga inda 31 ta fito. Ba ƙwaƙwalwa ce babu ba.

Mushen Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ina biye da ku tun ɗazu. Ni ma lissahi nike koyarwa a nan wajenmu. Mu namu BEPC ne da BAC, wato jarrabawar gama ƙaramar sakandare da ta gama babba, maki bisa 20 ake ba da shi, kuma babu wancan na zaɓi irin naku da yaro zai rufe ido ya canka, duka rubutawa ne, shi ya sa tun daga ƙananan azuzuwa muke matsa ma yara su rubuta dalilin kowane layi. Amma ciwon guda ne, yaro ya hardace kaye ya zo ranar jarrabawa an canza lambobi kaɗan ya ɓace. Abin da ni ka yi, kowane yaro yana da kaye guda na kurakurai. Duk tambayar da ya faɗi sai ya rubuta ta, ya rubuta inda ya kauce da bakinsa, misali na manta alamar ɗebewa, ko ban karanta tambaya har ƙarshe ba. Bayan kwana ukku ya sake yin ta ba tare da ya duba ba. In an yi wata guda sai yaro ya gani da idonsa kuskurensa iri ukku ne ko huɗu suke ta dawowa, ba wai lissahin duka ne bai iya ba. Wannan yana kwantar ma yaro da hankali ƙwarai.

Malam Mai Alli:
Mushe wannan dabarar na sace ta, daga Litinin 'yan ajina za su fara. Allah ya ƙara zumunci.

Sarkin Gajeriyar Hanya:
Ku dai kuna ta wahalar da baiwar Allah. Hajiya kowa ya san yadda ake yi yanzu, akwai makarantun da in kin yi rajista a can an gama magana, ki biya kawai yarinya ta fito da B. Wa ke da lokacin littafin kurakurai

Anti Nas:
A'uzubillahi. Yarinyar da za ta riƙe allurar mutane kake cewa a saya wa sakamako? Ni da nake aikin jinyar nan kullum sai na yi lissafin magani, likita ya rubuta 250 kwalba tana ɗauke da 500 a cikin mil 2, mil nawa zan ja? In ban iya ba yaron wani zan kashe. Wannan ba a saya.

Injiniya:
Kuma ko ta fito da B ɗin JAMB na jiranta a gaban kwamfuta, tambaya 180 a awa biyu, daƙiƙa 40 kowace ɗaya, babu mai rubuta mata a allo. Ga shi ana riƙe sakamakon cibiya sukutum in an kama, har da yaran da ba su ji ba su gani ba.

Sarkin Gajeriyar Hanya:
Ni dai gaskiyar abin da ke faruwa na faɗa

Admin:
Sarkin Gajeriyar Hanya mun ji, amma ba a tallan satar amsa a gidan nan, ka karanta dokoki. Gargaɗi na farko. A ci gaba.

Baban Yara:
To ni tambayata a kan littafin tambayoyin shekarun baya ne. Na saya wa ɗana mai kauri, yana ta karantawa, wasu sun ce shi ne sirrin wasu sun ce ɓata lokaci ne. Wanne ne?

Injiniya:
Kalmar da ka faɗa ce matsalar Alhaji, karantawa. Littattafan nan amsa na baya, wasu ma a ƙarƙashin tambayar take, ido ba ya haƙuri. Ka sa reza ka yanke shafukan amsa ka riƙe a wurinka. Kuma a kula, ana samun amsoshin da aka buga ba daidai ba a irin waɗannan littattafan, in yaro ya yi sau biyu yana samun abu ɗaya daban da na littafi ya kai wa malami kafin ya yanke wa kansa hukunci.

Malam Mai Alli:
Haka ne. Ni yadda nake so a yi amfani da shi kashi biyu ne. Wata biyu na farko a bi shi darasi darasi, wato yau duk tambayoyin ƙididdiga na shekara biyar, gobe na da'ira, don yaro ya ga yadda ake juya abu ɗaya ta fuska daban daban. Wata biyu na ƙarshe kuma duk Asabar a zauna cikakkiyar takarda, awa biyu da rabi cur, a tebur ba a kan gado ba, ba waya ba tashi shan ruwa, ƙanne su fita waje. Ranar farko za ta yi kuka Hajiya, ki bar ta, gara ta yi shi a ɗakinki.

Kuma tunda zaɓi ake yi a kashi na biyu, ba sai ta iya komai ba. C6, wato mafi ƙarancin kiredit, daga 50 take farawa. Akwai darussan da kusan kullum suna fitowa kuma makinsu a fili yake ga wanda ya yi atisaye: ƙididdiga da teburinta, zanen giraf, rukunoni masu da'irori masu shiga juna, yiwuwar aukuwa, auna fili da girman abu, kusurwar tafiya daga arewa. Ta riƙe shida cikin irin waɗannan da kyau ya fi ta taɓa ashirin sama-sama. Hukumar WAEC ma tana fitar da rahoton manyan masu makin bayan kowace jarrabawa, yana intanet kyauta, suna faɗin inda yara suka fi faɗuwa tambaya bayan tambaya, kuma abubuwan da suke kuka da su ba sa canzawa: yanke lamba tun a tsakiyar aiki maimakon a bari sai ƙarshe, mantawa da rubuta ma'auni kamar cm ko naira, ƙin bin sikelin da aka bayar a giraf, goge layukan kamfas bayan an gama zane alhali su ne shaidar aikin, da ƙin zana hoto a tambayar da ke buƙatarsa.

Ɗan SS3:
Malam ni na kusurwar tafiya ɗin nan ne ba na ko kallo, da na ga lamba uku a jere da alamar digiri nake tsallakewa

Malam Mai Alli:
Don ba ka zanawa ne. Gwada wannan yanzu, ka ɗauko takarda. Mutum ya tashi daga gida ya yi tafiyar kilomita 8 a kan 060°, ya juya ya yi kilomita 6 a kan 150°. Nisansa nawa daga gida? Duk inda ya tsaya ka zana ƙaramar alamar arewa, ka auna daga ita kana bin hannun agogo. Kar ka nemi fomula sai ka ga hoton.

Malama 'Yar Zariya:
Kafin ya dawo, a duba kalkuleta ma don Allah. Ɗiyar yayata a jarrabawa ta gano tata ta sauya saiti, duk amsoshin kusurwa suka lalace.

Injiniya:
Gwajin sauƙi ne, a danna sin 30, in ta ba da 0.5 lafiya, in ta ba da -0.988 an taɓa saitin, a mayar da ita kan digiri. Kuma yaro ya shiga da wadda ya saba da ita, ba aron safiyar ranar ba. Wani abin, danna -3² ka ga ta ba ka -9, in kana nufin -3 ɗin duka sai ka sa ta a tsakanin baka biyu, wato (-3)², kafin ta ba ka 9, wannan kaɗai ya isa ya rusa tambayar kwadiratik.

Ɗan SS3:
Malam na zana!! kusurwar tsakiya 90 ce ashe, 60 da 30. to 64 da 36 ɗari kenan, amsa 10

Malam Mai Alli:
10 me? Awaki?

Ɗan SS3:
Kilomita 10 Malam 🙈

Malam Mai Alli:
Yauwa. Da a takarda ne da ka zubar da maki a banza bayan ka gama wahalar. Amma ka ga abin da kake gudu shekara biyu minti shida ya ɗauke ka. Saura rabi na biyu: a kan digiri nawa yake daga gida? Shi kuma sai ka nemo ƙaramar kusurwar da ke gida ka tara da 60.

Uwar Biyu:
Jama'a na dawo. Na yi yadda Malam ya ce bayan isha'i, misali uku daga littafinta, na zauna a kan littafin ma don kar a samu matsala. Ɗaya ta yi daidai, ɗaya ta kai rabi ta tsaya, ta ukun ta ce wai ba a koya musu ba sai da na buɗe mata rubutun hannunta ta gani, ta yi dariya ta yi kuka lokaci guda. Yanzu ta ce in tambayi Malam, wadda ta tsaya a rabi ta duba amsar ko ta bari?

Malam Mai Alli:
Ta duba layi ɗaya kawai, wanda ya biyo inda ta tsaya, ki sake rufewa ta ƙarasa da kanta. Sannan ta sa ta a littafin kurakurai irin na Mushe, ranar Alhamis ki sake ba ta ita. Malamin lesin kuma ki roƙe shi ya rage yi a allo, ya riƙa ba ta alli yana zaune yana kallo, in ya ga za ta kauce kar ya yi saurin karɓa.

Uwar Biyu:
To Malam, Allah ya saka da alheri ya raya zuri'a. Mushe littafin mai shafi nawa zan saya?

Mushen Maraɗi:
Ƙarami ya isa Hajiya, mai 40. In ya cika kahin wata biyu ki zo mu sake magana.

Ɗan SS3:
Malam na samu 113°

Malam Mai Alli:
Ka ɗauki kusurwar da ba ita ba, 53 ɗin tana can ɗaya ƙarshen. Tsaya a gida ka kalli wane gefe ne ke fuskantarka, 6 ko 8? Sake turo min, da hoton zanen wannan karon.